Shagon da ya rubuta min sunan yara a jaka, da tambayar da Hajiya ta yi min a gaban kantar shagon

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda aka ga jakunkunan makarantar yarana ake ta tambayata ina aka yi min aikin, to yau na samu zama bari in yi bayanin gaba ɗaya, abin da ya min da wanda bai min ba, amma ku yi haƙuri zai yi tsawo don akwai abin da ya faru da ni a shagon wanda har yanzu bai bar raina ba kuma ba zan iya maganar aikin ban haɗa da shi ba.

Shagon nan Kano yake wajen Zoo Road, cikin jerin shagunan nan masu bene ɗaya, ba wani babba bane, kanta ce a gaba sai labule sai injina a ciki. Suna da injin monogiram mai zare wanda ke ɗinka suna a jaka da hula da tawul, suna da wanda ke manna rubutu da zafi a jikin riga da kofi, sannan suna buga sitika da memo da 'yan jakunkunan rabo na biki da suna. Ni abin da ya kai ni jaka uku ne da gorar ruwa uku da sitikar littattafai, saura sati biyu a koma makaranta a watan Satumba, sai kuma saƙon ƙanwata da ta haihu suna saura kwana huɗu tana son jakar rabo guda hamsin. Daga asibiti muke ranar, na kai Hajiya wato mahaifiyar maigidana awon jini, nace ta jira a mota tace a'a zafi ya yi yawa, sai muka shiga tare da ita da ƙaramin ɗana mai shekara huɗu.

Yarinyar da ke kanta ta gaishe mu da kyau ta ba Hajiya kujera, ta ɗauko biro da takarda tace Anti me za a rubuta. Wlh ko tunani ban yi ba nace na fes bon wato ɗan fari a sa masa Bos, ta tsakiya a sa Firinses, shi kuma el-o ɗina a sa masa Las Bon wato ɗan ƙarshe. Yarinyar ta rubuta ba ta ko ɗago kai ba don a wajenta wannan magana ce ta kullum. Sai Hajiya ta juyo tace min, wai waye Elo, ɗan maƙota ne kika haɗa da shi? Nace a'a Hajiya wannan nake nufi, na nuna jikanta da ke riƙe da gefen mayafinta. Ta kalle ni ta kalle shi ba ta ce komai ba. Mai shagon ya fito daga bayan labule, dattijo ne haka mai furfura kaɗan a gemu, ya durƙusa ya gaida Hajiya sannan ya miƙa wa yaron hannu yace abokina ya sunanka, yaron nan ya buɗe baki da ƙarfinsa yace Las Bon.

Kowa ya yi dariya a shagon ban da Hajiya, ni kuma sai na ji wani abu ya tsaya min a ƙirji, don yaron bai yi ƙarya ba, abin da yake ji daga bakina kenan safe da yamma.

Ga wanda bai sani ba, el-o ɗin nan haruffa biyu ne na Turanci, LO, gajarta ce da iyaye mata Turawa suka ƙirƙiro a rubutunsu na intanet suna nufin ƙaramin ɗansu, kamar yadda suke rubuta DH su nufi miji, DD 'ya mace, DS ɗa namiji, don saurin rubutu da kuma kar su bayyana sunan iyalinsu a bainar jama'a. Daga can ya shigo hirarmu ta waya. Su rubutawa kawai suke yi, mu kuma har mun mai da shi abin faɗa da baki. Ni ban san ranar da ya tashi daga kan allon wayata ya dawo harshena ba, na dai san na fara ne da rubuta wa ƙawaye el-o ba lafiya, el-o ya ƙi cin abinci, kwatsam sai ga ni a kicin ina cewa babban yaron je ka taso el-o daga barci. Haka mini mi, haka twini in 'yarki ta yi kama da ke, haka lanlod wanda ake ce wa jariri wai shi ne mai gidan kowa haya yake, tun yana ciki ma ake kiransa ɗan haya, haka wanda ya fi ci min rai yanzu da na zauna na yi tunani, wai besti mara ko sisi, ana ɗaukar bidiyon yaro ɗan shekara biyu yana cin biskit a sa a TikTok a rubuta haka a kai. Duk na faɗa, babu wanda ban faɗa ba.

To a nan ne shagon ya fara burge ni, don da wani wajen ne karɓar kuɗi za su yi su ɗinka abin da nace shikenan. Mutumin nan yace Hajiya zan rubuta duk abin da kike so kuɗinki ne, amma bari in nuna miki wani abu, sai ya buɗe littafin odarsu na makon ya juya min shafi ya rufe lambobin waya da hannunsa, wlh Firinses ce a jere, wata da kambi wata da tauraro, Bos da Las Bon su ma ga su nan birjik. Yace malamai ne suke zuwa suna masa ƙorafi, a aji ɗaya na nazare sai a samu jaka hoda uku huɗu duk Firinses, an tashi yara sun ɗauki ta juna, gorar ruwa ma haka, alhali dalilin rubuta sunan tun farko shi ne a bambance. Yace shawararsa kullum ita ce cikakken suna na yanka da lambar wayar uba ko uwa a ɗinka a ciki, ƙarƙashin murfin jaka inda sai an buɗe za a gani, a waje kuma a sa sunan da ake kiran yaro da shi a gida a taƙaice. Dalilinsa na ƙin sa cikakken suna ɓaro-ɓaro a baya shi ne kar wanda bai san yaro ba ya karanta a hanya ya kira shi da sunansa da na babansa yaro ya ɗauka ɗan uwa ne ya bi shi. Ni wannan ko a mafarki ban taɓa kawo shi ba, kuma a zamanin nan da muke ciki ba ƙaramar shawara bace.

Sai ya juya wajen Hajiya yace Mama ke me kike kiransu. Nan fa Hajiya ta gyara zama. Tace babban sunan marigayi maigidanta aka sa masa shi ya sa ake ce masa Abba, ita kuma angona take ce masa, macen sunanta ne ita Hajiyar shi ya sa ni uwar yarinyar ba na iya faɗa ake cewa Ummi, ita kuma takwara take kiranta in sun yi faɗa tace kishiya, wannan ƙaramin kuwa ranar Alhamis ya zo duniya ana kiran sallar asuba, ita tun ranar Ɗanlami take ce masa ko da kowa ya ƙi ɗauka. Daga nan sai hira ta ɓarke tsakaninta da mai shagon kamar sun shekara da sanin juna, ita ta kawo shi ya kawo, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Talle wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya yana ƙarami, Cindo mai yatsa shida, Azumi da Tasalla, Ajuji da Bawa da Ayashe da ake sa wa 'ya'yan wabi, Shekarau wanda ya daɗe a ciki. Sannan waɗanda ke bin sunan yanka, Abubakar Garba, Usman Shehu, Aliyu Haidar, Umar Faruk ko Sanda, Hauwa Kulu, A'isha Indo, Fatima Binta, Khadija Dije, Zainab Abu. Mai shagon yace ai marigayi Ɗanmasanin Kano sunansa Yusuf amma duniya da Maitama ta san shi, Shehu Shagari da ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983 shi ma Usman ne sunansa na yanka. Hajiya tace ai suna linzami ne ɗan nan.

Ina tsaye ina jinsu sai na gane abin da ya dame ni tun da yaron yace Las Bon. Ba wai laƙabi ne matsalar ba, mu Hausawa ai gidan laƙabi ne, da wuya ka samu yaron da ake kira da sunan da liman ya raɗa masa ranar bakwai, alkunya kaɗai ta isa ta sa a canja. Kuma ko a addini wasa da yaro da suna mai daɗi ba laifi bane, Annabi SAW ya kira ƙanin Anas ɗan Malik da Abu Umair yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa, abin da aka hana a Suratul Hujurat aya ta 11 shi ne jifan juna da munanan laƙubba. Bambancin da na gani shi ne duk sunan da Hajiya ta lissafa in ka ji shi ka san wani abu game da mai shi, ranar da ya zo ko wa ya biyo ko sunan wa ya ci ko halin da gidan yake ciki lokacin, nasa ne shi kaɗai a gidan. Wanda na ɗauko a waya kuwa na kowa ne, 'yata Firinses 'yar maƙociyata Firinses 'yar wata a Legas Firinses 'yar wata a Amurka ma haka. Las Bon ma in ka duba ai muna da Auta tun kaka da kakanni kuma Auta yana zuwa da shagwaɓarsa da tatsuniyoyinsa da komai, kuma ni da kaina ban san ko shi ne autan ba don haihuwa ta Allah ce.

Kar a ce na zo ina zagin masu yi, wlh a'a, ƙawayena ne kuma na san soyayya ce take sa mu, uwa ta kwana ba barci da jariri tana neman wadda za ta fahimce ta ƙarfe biyun dare, waɗanda ta samu a waya su ne suka saurare ta, dole yarensu ya shiga bakinta. Amma lanlod da besti mara ko sisi ni dai na daina, don in ka cire dariyar abin da ya rage ƙorafi ne, kana cewa yaron nauyi ne a kanka, kuma mu an tashe mu a kan bakin uwa ba abin wasa bane, ko shege da tantiri da muke ce wa yaro in ya yi wayo iyayenmu hana mu suke.

Na canja odar a take. Abba, Ummi, Ɗanlami a waje, cikakkun sunaye a ciki. Kuma a kan cikakken sunan ma sai da mutumin nan yace in duba takardar haihuwarsu in turo masa yadda aka rubuta harafi da harafi kar in rubuta da ka, yace yara da jaka da littafi suke koyon rubuta sunansu, abin da suka gani shi za su kwafa har girma. Gaskiyarsa ne, ɗan maƙociyarmu Khalifa ake kiransa har rajistar makaranta haka aka sa alhali a takardar haihuwa sunan kakansa ne, da ya zo rubuta JAMB, wadda tun 2021 ba a rajistarta sai da lambar NIN, sunaye suka ƙi haɗuwa sai da aka yi ta zirga-zirgar kotu ana rantsuwa.

Yanzu maganar aikin kansa. Abin da ya fi komai faranta min shi ne harafin Ɗ. Duk wanda ya taɓa kai aiki wajen masu buga takardu ya san yadda ake fama da ɗ da ƙ da ɓ, yawancin salon rubutun da ke cikin kwamfutarsu babu haruffanmu masu lanƙwasa, in an sa sai wani ɗan akwati ya fito a wajen, su kuma sai su sa D kawai su wuce. Yaron da ke kan kwamfutar ya gwada salon da na zaɓa akwatin ya fito, yace Anti a bar shi Danlami mana ai duk ɗaya ne, mai shagon yace ba ɗaya bane, ya zauna da kansa a manhajar zane ta CorelDraw ya zana ƙugiyar a jikin D ɗin ya daidaita kaurinta da sauran haruffan sannan aka tura wa injin zaren, ya ɗauke shi kusan minti ashirin kuma bai ƙara min ko kwabo a kan haka ba. Kafin su taɓa jakar sai da suka ɗinka a ƙyalle suka turo min hoto a WhatsApp na amince. Ɗinkin ya yi kyau sosai, zaren ya cika babu inda jakar take leƙowa ta tsakanin haruffa, sun sa wani farin abu mai kauri ta ciki ya riƙe ɗinkin don kar ya tattare. Zango guda cur yanzu an wanke jakunkunan ya fi sau biyar, zare ko ɗaya bai tashi ba kuma kala ba ta zuba ba.

Kuɗi kuwa ni na ga da sauƙi, jakunkunan ni na saya a kasuwa na kawo, kuɗin ɗinka suna waje da ciki bai kai rabin kuɗin jakar ba, in a wajensu za ki sayi jakar ta fi tsada kaɗan kuma kalolin ba su da yawa don haka gara ki zo da taki. Ana ba da rabi kafin aiki rabi in an gama, suna karɓar tiransifa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne gorar ruwa. Rubutun sitika ce aka yanka aka manna, ba a faɗa min haka ba tun farko na ɗauka bugawa za a yi a jiki, wata ɗaya ba a yi ba ta Ummi ta fara ɗagowa ta gefe don yarinya ce mai son ɓantarar abu, ta Abba kuma soson wanke-wanke ya cinye rabin harafi. Na koma na nuna musu sun sake min kyauta ba musu, amma wannan karon ma sitikar ce, sai a lokacin yarinyar take ce min in ana son wanda ba ya fita sai gorar ƙarfe mai farin fenti irin wadda ake gasa rubutun a jikinta, to da an faɗa min ranar farko ai da ita zan saya. Sai alƙawari, an ce min Laraba sai Juma'a da yamma na samu, sun ce wuta ce ba a kawo ba kuma injin zaren ba ya son ƙaramin janareta, na yarda don duk muna garin, amma da sun kira ni da ban ɓata kuɗin adaidaita na je Larabar na dawo hannu biyu ba. Wajen zama ma kujera biyu ce kacal, lokacin komawa makaranta kuwa cika yake yi, in da tsohuwa ko mai ciki za ki je ki je da safe kafin sha ɗaya. Kuma na faɗa wa mai shagon baki da baki, samfuran da suka rataye a bango duk na Turanci ne, mutum yana shigowa Firinses da Bos yake fara gani shi ya sa yake zaɓarsu, ga shi shi da kansa ya fi kowa sanin namu, me zai hana ya rataye Auta da Ummi da Jummai da Gambo a gani. Yace zai yi, zuwana na ƙarshe na ga ya sa guda biyu, Walida da Auta, da saura dai.

Jakar sunan ƙanwata ita ce aka kai ruwa rana. Saƙon da ta turo min cewa ta yi a rubuta Lanlod Ya Iso da hoton ƙafar jariri, don tun cikin yana wata uku haka take kiransa ita da ƙawayenta. Na kira ta daga cikin shagon nace 'yar uwa yaron nan fa sunan Baba za a sa masa, mijinki ya riga ya faɗa, jakar nan gwaggonni da innoni za su riƙe su tafi da ita gida, in Gwaggo ta tambaye ki meye lanlod me za ki ce mata. Ta ji haushi tace ni na cika tsari kuma ai wasa ne, ta kashe wayar. Mai shagon yace kar a matsa wa mai jego, zai ajiye aikin har gobe da azahar ba zai buga ba sai ta yanke, kuma in ta dage a kan nata shi zai buga mata don ita ce mai ɗa. Da daddare ta turo min tace a sa Barka Da Zuwa Abbati da ranar sunan a watan Musulunci da na bature. Guda hamsin ɗin sun fito tsaf ranar jajibiri, wannan karon ba su saɓa ba, biyu ne kawai rubutun ya ɗan karkace kuma da kansu suka ware su suka buga wasu. Har yau in muna hira ta waya wani lokaci lanlod ɗin yana suɓuce mata, ni ma el-o ya suɓuce min shekaranjiya ina magana da wata ƙawata, abin da ya shekara biyu a baki ba ya fita rana ɗaya.

Duk mai son ɗinkin suna a jaka ko hula ko tawul ni dai ina ba da shawarar wajen ba tare da shakka ba, gora kuma ki tambaya tun farko wane iri za a yi miki, ki kuma ƙara kwana biyu a kan ranar da suka ce. Ki tafi da takardar haihuwar yaran ko hotonta a waya, in kuma akwai kaka a gidan ki tafi da ita ko ki kira ta kafin a rubuta komai.

Ranar da aka koma makaranta Hajiya ce ta rataya wa ƙaramin jakarsa a ƙofar gida, ta sa yatsa a kan haruffan tana bi ɗaya bayan ɗaya duk da ba ta karatun boko, tace masa wannan ƙugiyar ta farko ita ce taka. Da ya dawo yace min antinsu ta tambaye shi me ya sa ake ce masa Ɗanlami, yace mata don ranar Alhamis ya zo ana kiran salla, kuma wai akwai wata Lami a ajinsu ita ma ba ta sani ba sai ranar.